Kujerar Dama da Ta Raba Ni da Jidda

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan mujalla. Ku ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe yana cina. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu har yau suna ganin girmana.

A lokacin da abin ya faru ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a Jidda, wadda a can ake kira mukayyif. Na shiga ƙasar ina saurayi da sunan umra, na maƙale kamar yadda da yawa suka yi. Na yi dako, na yi wankin mota, na kwana a saman rufin gidajen unguwar Hindawiyya, har Allah ya haɗa ni da wani Basudane ya koya mini sana'a. Daga baya na samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, aka yi mini iƙama, takardar izinin zama, na yi aure, aka sa matata da 'ya'yana a ƙarƙashin takardata. Duk wanda ya zauna ƙasar ya san abin da wannan yake nufi. Mai iƙama yana tafiya a titi kansa a ɗage, yaransa na zuwa makaranta, in zazzaɓi ya kama shi ya je asibiti. Marar ita kuwa ko ƙarar birki ya ji sai gabansa ya faɗi. Ban yi boko mai nisa ba, amma furfura ta fara fito mini, 'yan garinmu na kawo mini ƙara idan sun saɓa, kuma a bakin shagona babu mai doke ni a balot, wasan kartar da mutanen Jidda ke yi don hira, ba don kuɗi ba. Balot ɗin nan shi ya fara fasa mini kai.

Wata Alhamis ana tsananin zafi aka kira ni gyara a wani gida a unguwar Safa. Mai gidan ɗan Labanan ne, ɗan kwangila, iyalinsa sun tafi hutu. Na shiga falon da kayan aikina na tarar da maza kusan goma sun zagaye wani teburi mai koren shimfiɗa, gumi na zuba, kowa da tulin 'yan faya-fayan roba masu launi a gabansa. Akwai Larabawa, akwai wani ɗan Fakistan, akwai wani siririn ɗan Filifin mai aiki a asibiti. Ina kan tsani ina kwance na'urar sai na ji an kira ni ammi, wato baffa, da irin muryar 'ya'yanmu haifaffun can. Na waiwaya, sai ga ɗan wani abokina, dattijon da ya ba ni wurin kwana farkon zuwana. A gabana aka yi sunan yaron nan. Ya zama magidanci, yana da shagon waya a unguwar Bani Malik, Hausarsa rabi Larabci. Ya taso ya sumbaci kaina, ya gaya wa mutanen wai ga baffansa, sarkin balot na Hindawiyya, da zai zauna da kowa ya koma gida ba wando. Suka yi dariya. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Wasan sunansa foka, caca ce tsagwaronta, kuma a ƙasar da ake ɗaure mutum saboda ita. Na san haka tun ranar, kada wani ya yi mini uzuri. Gasa suke yi: kowa ya biya kuɗin shiga, a ba kowa robobi daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya tashi, mutum uku na ƙarshe su raba kuɗin, na ɗaya ya ɗauki kaso mafi tsoka. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sai a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Kafin a buɗe, da bayan kowace buɗewa, ana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ko ka zuba, ko ka biya abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka ce wuce, ko ka jefar da katinka ka haƙura. Babban kati shi ne ikka, sai wanda mu muke ce wa sarki, sai bint mai hoton mace, sai walad mai hoton saurayi. Na ɗan kalla daga kan tsani na ce a raina wannan ai wasan yara ne. A balot sai ka riƙe duk abin da ya fita a ka, nan kuwa kati biyu ne kacal. In sun yi kyau ka shiga, in ba su yi ba ka jira. Da wannan guntuwar fahimta na zauna.

Mako na zagayowa na dawo, ba kayan aiki. Ina shiga ɗan abokina ya miƙe ya ja kujerar da ke damansa, ya kaɗe ta da hannu, ya ce ammi ya zauna nan, dama ta manya ce. Wanda ya san Jidda ya san wannan ba sabon abu ba ne. Gahawa daga dama ake fara zubawa, a bakin ƙofa na dama ke fara shiga, babba a dama ake ajiye shi. Na zauna ina jin kaina kamar liman. Abin da ban yi wa tunani ba, a balot zagaye dama yake bi, a foka kuwa hagu yake bi. Wato duk wanda ke hagunka bayanka zai yi magana. Ni in faɗi tawa, shi ya gani, sannan ya yanke tasa. Na lura kusan kullum ni ke rigansa, amma sai na ɗauka hakan ma girma ne. A gida ni ke fara sa hannu a kwano, a taron 'yan garinmu ni ke buɗe magana, to a teburi ma wa ya kamata ya fara in ba ni ba? Har yabon abokina nake a zuci, ina cewa ya iya tarbiyya.

Ni mutum ne mai haƙuri a karta, ba na shiga da tarkace. Sai in zauna ina jefarwa, ina jefarwa, har kati mai kyau ya zo, ikka da sarki, ko bint biyu, ko walad biyu. To da na miƙa hannu wajen robobina, duk teburin ya san Alhaji ya samu kaya. Sauran su gudu, shi kuwa ya biya yana murmushi, wai ba zai bar baffansa shi kaɗai ba. Sai a buɗe uku a tsakiya, kuma a nan bala'in yake. Ina riƙe da ikka da sarki, a buɗe bakwai da takwas da biyu, babu abin da ya haɗu da nawa, ga shi ni zan fara. In na ce wuce, ya gane ban samu komai ba, ya zuba, in jefar. In na zuba don in tsorata shi, ya biya shiru, a buɗe na huɗu, ni zan sake farawa, tulin tsakiya ya girma, ni kuma har yanzu ban san abin da ke hannunsa ba. Wata rana na riƙe bint biyu, ikka ta fito a tsakiya, na ce wuce, ya turo tuli. Na yi ta juyi har shayina ya huce, na jefar. Sai ya buɗe katinsa kowa ya gani, shida da tara, ba komai. Ya ce wai in yafe masa, sharrin shaiɗan ne. Teburin ya kwashe da dariya, mai gida har da buga cinya. Ranar kuma da na yi zuciya na bi shi har ƙarshe, sai ya zama abin da yake nunawa yana da shi. In na ci, ɗan kaɗan nake ci, don da ya ga na zuba da ƙarfi sai ya janye. In ya ci, rabin tulina yake kwashewa. Har na kai idan na leƙa na ga manya biyu a hannuna, maimakon murna sai in fara lissafin abin da zai kwashe.

Akwai wani farin faifai da ke zagaya teburin, duk rabon kati ya matsa kujera ɗaya. Wanda ya zo gabansa shi ne na ƙarshe a magana. Sau ɗaya a zagaye yake zuwa gabana, wato a nan ne kawai nake samun in yi magana bayan ɗan abokina. Kun san abin da yake yi a wannan rabon? Ko katinsa ba ya leƙawa sosai, sai ya jefar ya tashi wai zai ƙaro wa ammi shayi. Ya kawo har da na'a-na'a, ya ajiye mini da hannu biyu. Wata da watanni yana wannan a kan idona, ni kuma ina sa masa albarka. Idan na tuna shayin nan har yau sai in ji kamar in mari kaina. Na zargi komai ban da kujera. Na ce rashin sa'a ne, na ce baki ne, na canja hula, na daina zuwa da takalmin da na fara zuwa da shi.

Kuma ba wai ba a gaya mini ba. Ɗan Filifin ɗin nan, mutum ne marar yawan magana, ya same ni wajen wanke hannu ya ce da karyayyen Larabcinsa wai hajji ya canja kujera, ya koma ɗaya gefen na yaron. Na dube shi sheƙeƙe. Kujerata ita ke fuskantar mukayyif ɗin da ni na gyara da hannuna, sai na yanke cewa sanyin yake wa kwaɗayi. Na ce masa in zafi yake ji ya kira ni gidansa in gyara masa nasa, farashin aboki. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na koma na ba ɗan abokina labari, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wai waɗannan ba su san darajar manya ba, kada in kula shi, muddin yana raye babu mai tayar da baffansa daga dama.

A gida kuwa na ce wa maiɗakina na samu kwangilar duba na'urorin wani kamfani duk Alhamis. Waina take yi, tun asuba tana kan tanda 'yan unguwa na layi da kwanoninsu, kuma ba ta da wauta ko kaɗan. Ta ce wai Alhaji, wannan kamfani abin tausayi ne, na'urorinsu ba sa lalacewa sai Alhamis, kuma ba sa biyan ma'aikaci sai da warin taba a riga. Na daka mata tsawa ta koma kan tandarta. Ana cikin haka iƙamata ta kusa ƙarewa. Sabuntawa na bukatar kuɗin hukuma da kuma na kafili, wanda yake karɓa duk shekara kafin ya sa hannu. Abin da na tara ya riga ya tafi Safa kaɗan-kaɗan. Da na fara kame-kame, sai ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madarar da take tara ribar waina, ta juye mini a cinya. Ta ce takardar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, kanta da na yara duk a ciki suke, in tafi wajen kafili kai tsaye, kada in biya ta kamfani.

Na biya ta kamfani. Makon ne mai gidan ya shirya babbar gasa ta rufewa, domin suna dakatawa idan azumi ya kama, ka ji masu tsoron Allah. Kuɗin shiga ya ninka na kullum, ya kusa cinye duk abin da ke aljihuna. Na gaya wa kaina ko na uku na zo kuɗin zai dawo da riba, in biya kafili, in mayar mata da gwangwaninta cike. Na ce tunda kullum kati mai kyau nake shiga da shi, dole wata rana ya yi mini rana. Na shiga, aka ja mini kujerata, aka kaɗe ta, na zauna.

Abin takaici, ranar na yi wasa mai kyau. Tun bayan azahar muke, kafin rana ta yi sanyi mutane sun zube, muka rage mu huɗu: ni, da ɗan abokina mai tuli mafi girma, da ɗan Filifin, da ɗan Fakistan wanda robobinsa sun kusa ƙarewa. Mutum ɗaya ya rage ya fita, mu ukun mu raba kuɗi. Akwai wani tilas da ake zubawa bi da bi kafin a raba kati, kuma rabo na gaba a kan ɗan Fakistan zai faɗo ya cinye ɗan abin da ya rage masa. Babu abin da ake bukata daga gare ni sai in naɗe hannu in sha shayi. Sai aka raba, na leƙa, sarki biyu. Su biyun suka jefar, saura ni da na haguna. Da ina da hankali, ko dai in tura duka tun kafin a buɗe komai, lokacin da kusan tabbas na fi shi, ya ji tsoro ya bar mini, ko kuma in shiga a hankali da niyyar janyewa in abu ya ɓaci. Ni kuwa sai na zuba ɗan kaɗan, wai dabara, in jawo shi. Ya biya yana murmushi.

Aka buɗe uku. Na farko ikka, sauran biyun ƙanana. Iri ɗaya ne a duk kartar ya fi sarki, shi ne ya fito, kuma ni zan fara magana. Na ce wuce. Ya zuba. Na tuna ranar shida da tara da dariyar mai gida, na biya. Aka buɗe na huɗu, ƙarami. Na ce bari in gwada shi, na zuba da ɗan kauri, in ba shi da ikka zai gudu. Bai gudu ba, bai ƙara ba, ya biya kawai yana kallon sama. Yanzu fiye da rabin tulina na tsakiya, abin da na sani game da hannunsa bai ƙaru da komai ba, shi kuwa ya ga wucewata, ya ga biyana, ya ga gwajina, ya ga cikina tas. Aka buɗe na biyar. Na ce wuce da muryar da ni kaina na ji ta mutu. Ya turo tulinsa duka, ya ce a hankali wai ammi ya jefar, wallahi shawara yake ba ni irin ta ɗa da uba. Ɗan Fakistan ya zuba mini ido, ɗan Filifin ya sunkuyar da kai. Ko a nan da na jefar, ina da sauran da zai kai ni na uku. Amma yaya zan jefar da sarki biyu a gaban yaron da aka yi sunansa a gabana, ya sake buɗe mini shida da tara? Na tura. Ya buɗe ikka da huɗu. Huɗu, jama'a. Katin da ni ko kyauta aka ba ni ba zan shiga da shi ba. Ikkarsa ta haɗu da ta tsakiya ta doke sarakunana, ni ne na fita, ba ko sisi. Ya taso ya sumbaci kaina, ya ce in yafe masa, ai ya gaya mini. Ɗan Fakistan ya fita a rabon da ya biyo baya, ya zo na uku, ya karɓi abin da ya fi kuɗin iƙamata.

Na zauna a motata a ƙofar gidan na kasa tayar da ita har aka kira magariba. Ɗan Filifin ya fito ya leƙo ta taga. Bai yi mini dariya ba. Ya tambaye ni, in na je gyara ni ke fara faɗin kuɗi ko mai gida. Na ce haba, wane mai sana'a ne zai fara? Sai na ji bakinsa, na ga gidansa, na ga irin motar da ke ƙofa. Ya ce to a teburin nan kullum ni ke fara faɗin kuɗi, yaron na jin bakina. Ya ce kati komai kyansa, in yana hannun mai fara magana rabin ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa duk ɗan wasa ke son wanda zai ci ya zauna a damansa. Ni da nake yi wa masu koyon aiki a shagona faɗa kada su fara buɗe baki a ciniki. Abin da na sani tun ina dako shi aka yi mini, aka haɗa mini da shayi.

Washegari na je shagonsa a Bani Malik, na ce masa ya san abin da ya yi. Ya rantse wai ladabi ne kawai, da mahaifinsa zai ji ya zaunar da ni a hagu da ya saɓa masa. Na ce to kuɗin takardata ne da ta yarana, ya taimaka ko da rance. Sai ya koma Larabci zalla kamar bai taɓa jin Hausa ba, ya ce wasa wasa ne, halas, magana ta ƙare, kuɗin ma ya riga ya zuba a kaya, amma bayan salla in zo, zai biya mini kuɗin shiga, kujerata na nan. Ban iya kai ƙara wajen mahaifinsa ba, don sai na fara faɗin inda muka haɗu. Na roƙi kafili ya ɗaga mini ƙafa, ya ɗaga. Na yi ta aiki abin da ke shigowa bai kai ba, tara kuma na hawa, na koma guje wa wayarsa, ya gaji ya kai rahoto cewa na gudu daga hannunsa. Daga ranar ni da iyalina muka zama marasa takarda. Maiɗakina a makarantar yara ta ji, da aka ce a kawo sabuwar iƙama. Ta dawo ta same ni, ba ta ɗaga murya ba. Na faɗa mata komai, har na kama yi mata bayanin sarki biyu da ikka da kujera, don ta san dai ba da tarkace na shiga ba. Ta bar ni na gama. Ta ce wai Alhaji, ita ba ta san sarki ba, ba ta san ikka ba, abin da ta sani ta shekara tana shaƙar hayaƙi, ni kuma na kwashe na kai wa sa'an ɗan cikina. Ta ce da mata na bi da ta san inda za ta kai kuka, amma wa za ta je ta gaya wa cewa kujera ce ta cinye su?

Mun daɗe muna ɓuya. Na rufe shago, na sayar da mota muka ci, na koma bin gidaje ta lungu da jakar kayan aiki, irin rayuwar da na baro tun ina saurayi, amma yanzu da furfura da ciwon gwiwa. Yara suka zauna a gida. Wata safiya aka tare hanyar da nake bi, aka ce iƙama, na miƙa matacciya. Daga nan sai gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai jirgi. Na sauka Kano da rigar da ke jikina da silifas, bayan na yi fiye da rabin rayuwata a can. Maiɗakina ta sayar da tanda da firji da katifu, ta miƙa kanta da yaran, suka biyo ni bayan watanni. Ba ta bar ni ba, ba ta kuma ƙara ɗaga maganar ba, wannan shirun nata kuwa bai taɓa barina na huta ba.

Yanzu ina wani gari ina gyaran fanka da firji, don a nan wutar da za ta riƙe mukayyif ma aiki ce. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Amma zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya: na daɗe ina jin haushin kujerar fiye da haushin cacar. Sai in zauna ina cewa da na koma hagunsa, da na tura duka tun farko, da na jefar a na biyar. Sai da na yi shekaru kafin na gane cewa wannan tunanin ma cacar ce ba ta sake ni ba. Da na koma hagunsa wataƙila da na ci, da na ci da na dawo, kuma wata Alhamis ɗin da wani ya samo wata hanyar ya kwashe ni. Tun daga kan tsani ya kamata in ɗaure na'urar, in karɓi kuɗin aikina, in fita.

Ina kira ga 'yan'uwana, musamman masu furfura irina da ke zaune a ƙasar mutane. Caca haramun ce, kun sani, ba sai mai gyaran firji ya yi muku wa'azi ba. Abin da zan ƙara muku shi ne ta inda take shigo wa babba. Yaro kwaɗayi ke kai shi, mu kuwa da girma ake kama mu. A yabi iyawarka, a kira ka baffa, a ba ka gaba, kai kuma ka kasa tambayar dalili. In ka samu kanka a wurin da kuɗi ke canja hannu, aka fi girmama ka a kan kowa, tsaya ka duba wa ke amfana. In wanda ka raina ya ja ka gefe ya ce ka tashi, saurare shi ko da harshensa a karye yake. Kuma abin da iyali suka dogara da shi, takarda ce, jari ne, gida ne, ba naka ba ne da za ka ɗora a kan teburi, komai kyan abin da ka leƙa ka gani a hannunka.

'Ya'yana a Jidda aka haife su, a can suka yi wayo. Babbansu karatunsa ya tsaya a inda na tsayar da shi, yanzu haya yake da babur ɗin wani. Autata har yau Hausarta da gyara, yaran unguwa na kwaikwayonta. Kwanan baya tana taya uwarta wanke-wanke na ji ta tambaya, da Larabci don kada maƙwabta su ji, wai yaushe za a koma gida. Uwar ta ce ta je ta tambayi babanta. Har yau ba ta tambaye ni ba. Ina jin ta riga ta san amsar, ta kuma san wanda ya jawo.